Ajin Sana'a a Garin Yuraniyom

A 1969 aka kafa Arlit a tsakiyar hamada, kusan kilomita 250 arewa da Agadas, saboda yuraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da shi a 1971, COMINAK ya biyo baya a 1978 daga ramin Akuta, dab da Akokan. Aikin ma'adini yana bukatar masu walda, da kanikawan manyan motoci, da masu lantarki, da masu awon ƙasa. Lakkol ta gama-gari, wadda ke kai yaro ga BEPC sannan ga bak, ba ta koyar da ko ɗaya daga ciki. Saboda haka cikin shekarun 1970 aka buɗe makarantar ma'adinai ta EMAÏR a Agadas, don horar da ma'aikatan da ke tsakanin injiniya da lebura.

Dabarar irin wannan karatu ita ce a ware 'yan makaranta kaɗan, a haɗa su da malamai da ba sa sauyawa har shekara biyu ko uku, a ɗora dukkan darussa a kan sana'a guda. Lissafi sai ya koma auna ƙarfin wuta cikin waya, Faransanci ya koma rubuta rahoton injin da ya lalace. Malamin da ya san yaransa ɗaya-ɗaya yakan gane wanda ya fara ja da baya tun kafin ya daina zuwa. Daga baya a tura su staj, su ga aikin da idonsu.

A Amurka ma an bi wannan dabara: a shekarar da aka kafa Arlit, makarantar Edison ta birnin Filadalfiya ta buɗe ƙaramin ajin lantarki cikin babbar sakandare, da taimakon kamfanin wuta na birnin. Wani dogon bincike na cibiyar MDRC, wanda ya fito a 2008, ya nuna cewa samarin da suka bi irin waɗannan azuzuwa sun fi takwarorinsu samun kuɗi bayan shekaru, kuma hakan bai rage musu damar ci gaba da karatu ba.

Sai dai Filadalfiya na da ma'aikatu barkatai, Arlit kuwa kamfani biyu ne suka riƙe ta. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila. Wanda ya iya walda ko gyaran janareta yana iya kafa rumfa a gari, ko ya nufi wuraren haƙar zinariya na Cibarkaten. Wanda bai san komai ba sai na'urar cikin rami, shi ne abin tausayi.

A ganina, ya kamata cibiyoyin koyon sana'a na CFM da kwalejojin fasaha na jihar Agadas su ba da ƙarfi ga wutar rana, da famfon rijiyar burtsatse, da gyaran manyan motocin da ke bin hanyar Tawa, kuma a buɗe wa 'yan mata ajin lantarki kamar yadda aka buɗe musu na ɗinki.