Kofaton Doki

Kowane yaro ya san doki, ya kuma san kowace ƙafa tasa kofato ɗaya gare ta. Amma ba kowa ya san kofaton nan farcen yatsa ba ne. Masana halittar dabbobi sun ce kakannin doki na can da yatsu da yawa gare su. To, yaya aka yi suka san haka, alhali kuwa babu wanda ya ga dabbobin nan da idonsa? Sun bi hanyar alƙali ne, wanda ba ya yanke shari'a sai ya ji shaidu.

Shaida ta fari tana jikin dokin kansa. In aka jera ƙasusuwan ƙafarsa ta gaba kusa da na hannun mutum da na fiffiken jemage, sai a ga tsarinsu ɗaya ne, tsawo da kauri ne suka bambanta. Abin da a ke kira gwiwar doki shi ne wuyan hannu. Daga nan zuwa ƙasa akwai dogon ƙashi, sa'an nan gaɓoɓi uku na yatsan tsakiya, watau doki a kan yatsa ɗaya ya ke tafiya. A gefe da gefen dogon ƙashin nan akwai waɗansu siraran ƙasusuwa biyu waɗanda ba su kai ƙasa ba. Su ne saura daga yatsun da suka ɓace.

Shaida ta biyu tana cikin duwatsu. Wani lokaci in dabba ta mutu laka ta rufe ta, ƙashinta ya kan zama dutse. Laka ta kan hau kan laka, saboda haka ta ƙasa ta girmi ta bisa. Wani masani a Amurka, mai suna Marsh, ya tara irin ƙasusuwan nan da yawa. A 1876 ya raɗa wa wata ƙaramar dabba suna Iyohifus. Ta rayu wajen shekara miliyan 55 da suka wuce, girmanta kamar na kare. Yatsu huɗu gare ta a ƙafar gaba, uku a ta baya, tana cin ganye cikin kurmi. A duwatsun da ke bisa an sami waɗanda suka fi ta girma, masu yatsu uku. Da ƙasa ta ƙara bushewa, kurmi ya ragu, ciyawa ta yaɗu, sai masu dogayen ƙafafu da haƙora masu ƙarfi suka fi tsira daga namun daji da yunwa, su ne kuwa suka bar 'ya'ya. Da haka, sannu sannu, yatsan tsakiya ya ƙasaita, sauran suka ƙanƙance. Zuriyar nan ta yi rassa da yawa kamar itace, amma yawancinsu sun ƙare.

Shaida ta uku ita ce zumunta. In aka haɗa jaki da goɗiya sai a sami alfadari. Da ba dangi ba ne na kusa, da haka ba ta yiwu ba. Amma alfadari bai cika haihuwa ba, gama iyayensa sun daɗe da rabuwa. A 2013 masana suka binciki sinadarin gado, wanda a ke kira DNA, daga ƙashin wani doki da ya yi kamar shekara 700,000 cikin daskararriyar ƙasa a Kanada. Binciken ya nuna doki da jaki da jakin dawa kakansu ɗaya ne, wanda ya rayu shekara miliyan 4 ko fiye da suka wuce.

Shaidun nan uku kowace hanyarta dabam, amma bakinsu ya zo ɗaya. Irin waɗannan shaidu ne masana su ke bi don gane zumuntar sauran dabbobi duka.