Fenti ya yi tsada, ya kuma yi ruwa: laifin wa?

Tun da damina ta ɗauke, masu gyaran gida suka fara zagaya shaguna, wata magana ke yawo daga Dogo-Dogo zuwa Dungas har Magarya. Wai wasu attajiran ƙasashen waje sun saye kamfanonin fenti kakaf sun haɗe su a hannu ɗaya, shi ya sa kuɗin bokiti ya tashi, shi ya sa kuma fentin yanzu ba ya kama bango. Ana tura ta a WhatsApp, mai shago na kafa hujja da ita idan an yi masa ƙorafi, mai fenti ma ya samu abin fakewa idan aikinsa ya ɗaye kafin shekara ta zagayo.

Ta ɓangaren saye da haɗewa, maganar tana da tushe. A 2008 kamfanin AkzoNobel na ƙasar Holan ya haɗiye ICI na Ingila, wanda shi ne asalin mai Dulux. A 2017 Sherwin-Williams na Amurka ya sayi Valspar a kan dala biliyan 11.3. A shekarar nan dai PPG, shi ma na Amurka, ya yi ta zawarcin AkzoNobel ɗin kansa, aka ƙi shi.

Mu da kayan gininmu ke shigowa daga Kano ta Ɓaɓura da Maigatari, abin da ya fi kusa da mu shi ne wanda ya faru a Legas. Kamfanin CAP, wanda ke yin Dulux a Nijeriya da lasisin AkzoNobel, fiye da rabin hannun jarinsa na UAC ne, wato dai UAC ɗin da kakanninmu suka sani da awon gyaɗa. A 2013 UAC ya sayi kashi 51 cikin 100 na Portland Paints, masu fentin Sandtex. A 2018 wani kamfanin zuba jari mai suna Themis Capital ya sayi wani kaso na UAC, a shekara ta gaba jagoransa Fola Aiyesimoju ya zama shugaban UAC, sannan a watan Yuli na 2021 aka narkar da Portland Paints cikin CAP. Don haka wanda ya tsaya a shago yana auna Dulux da Sandtex, yana ganin ya samu masu gasa biyu da zai zaɓa, aljihu ɗaya yake zuba wa kuɗi.

Sunan da ke jikin bokiti ba ya nuna maka mai shi. Dulux na Ostareliya tun 2019 mallakar Nippon Paint na Japan ne, ba abin da ya haɗa shi da na Legas sai suna. Seigneurie, wanda aka fi sani a ƙasashen da Faransa ta raina, ya taɓa zama a ƙarƙashin Total mai man fetur, cikin wani rukuni da ake kira SigmaKalon. A 2003 Bain Capital ya sayi rukunin, bayan shekara biyar ya miƙa shi ga PPG a kan yuro biliyan 2.2.

Irin su Bain ɗin nan su ne mutane ke kira "attajirai" ba tare da sun gane yadda sana'arsu take ba. Ba masu fenti ba ne, ba kuma su da niyyar zama masu fenti. Kuɗi suke tarawa daga asusun fansho da kamfanonin inshora da manyan masu hali, su sayi kamfani sukutum, su riƙe shi shekara huɗu zuwa bakwai, su sayar. Duk wanda ya san ɗan turka ya san su. Makiyayi yana duban garkensa da idon shekaru masu zuwa, yana tunanin wace tunkiya za ta haihu, wane rago zai bari na barbara. Ɗan turka kuwa ranar da ya sayi rago a kasuwar Alhamis ta Maigatari ya riga ya san ranar da zai rabu da shi. Yana ɗaure shi, ya ba shi dusa da harawa da ƙuli, wani lokaci ma ragon ya fi samun gata a hannunsa fiye da a garke, amma duk lissafinsa a jajibirin Layya ya tsaya. Inda suka ɗara ɗan turka wayo shi ne wajen bashi. Kaso mai yawa na kuɗin sayen, sau da yawa fiye da rabi, rance ne daga banki, kuma ba a wuyan mai saye ake rubuta shi ba, a wuyan kamfanin da aka saya ake rataya shi. Kamar a ce ragon ne zai biya kuɗin da aka saye shi da su, daga cikin dusar da ake ba shi. Idan kasuwa ta yi kyau, ba wanda zai lura. Idan ta karye, kuɗin ruwa ba ya jira, sai a fara rage ma'aikata, a rufe rassa, a tsuke kuɗin bincike.

Abin yakan faɗa ta kowane gefe. A 2013 Carlyle ya sayi sashen fentin motoci na DuPont a kan dala biliyan 4.9, ya sa masa suna Axalta, ya kai shi kasuwar hannun jari a 2014, ya gama sayar da kasonsa a 2016 da riba mai tsoka, kuma kamfanin ya ci gaba da aikinsa. Kelly-Moore na Kalifoniya kuwa, wanda aka kafa a 1946, Flacks Group ya saye shi a 2022, a watan Janairu na 2024 aka rufe shagunansa 157 gaba ɗaya. Adalci ne a ce ya shigo hannunsu da tsohon ciwo, domin ya daɗe yana biyan diyyar wani sinadari mai cutar da huhu da ya taɓa sawa a kayansa. Amma ma'aikatan da suka wayi gari ba aiki, wannan bayanin bai ƙara musu ko kwano ɗaya ba.

To, ina ruwan duk wannan da bangon da ke Dogo-Dogo? A nan ne jita-jitar ta kauce hanya, kuma a nan ne take ba ni haushi, domin tana wanke masu laifin da ke kusa ta ɗora wa na nesa.

Shafa tafin hannunka a bangon wani shago ko ajin makaranta da aka yi wa fenti bara. Idan ya fito fari fat kamar ka taɓa gari, ko ka ga bayan rigar wanda ya jingina ya koma na mai niƙa, to ka ga fentin da aka cika wa alli. Abu huɗu ne a cikin bokitin fentin ruwa: sinadarin da ke ba shi haske da rufe bango, wanda ake kira titaniyom dayoksaid, ƙaron da ke manna shi, garin farin dutse da ke ƙara masa kauri, sai ruwa. Biyun farko su ne masu tsada, kuma mafi yawansu daga waje ake shigo da su da dala. Biyun ƙarshe kusan kyauta ne. Wanda ke son ya sayar da bokiti mai lita 20 a rabin kuɗi ba ya buƙatar wani sihiri, ƙaro zai rage ya ƙara alli da ruwa. Masu yin haka galibi ba manyan kamfanoni ba ne, domin babban abin da mai sayen kamfani ke biya shi ne suna, kuma ba ya son ya ɓata abin da zai sayar gobe. Masu dama fenti ne a bayan gida da duro da muciya, waɗanda suka cika garuruwa, wasu da sunan da suka ƙirƙira, wasu kuma a tsofaffin bokitan manyan kamfanoni da suke saye daga wuraren gini su wanke. A cikinsu akwai masu tsoron Allah da ke yin kaya mai kyau, amma daga waje ba ka iya bambancewa.

Sauran laifin kuma namu ne. Maigida ya sayi bokiti ɗaya ya ce lallai sai ya ishi ɗaki huɗu, mai fenti ba ya son rasa aiki, sai ya tsinka shi da ruwa har ya koma kamar farau-farau. Ko kuma a gama yaɓen siminti yau, jibi a shafa fenti saboda biki ya matso, alhali sabon siminti yana buƙatar makonni kafin ya bushe ya huce. Daga baya fenti ya kumbura ya ɓare, sai a ce Turawa.

Tsada ma hanyarta a bayyane take. A watan Yuni na 2023 Nijeriya ta saki naira, dalar da ake samu a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanin da ke sayen sinadarinsa da dala dole ya ƙara kuɗi, ko na wa ne. Mai sefa a hannu ya ɗan samu sauƙi wajen canji, amma rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya cinye sauƙin a kuɗin mota da na ɓarauniyar hanya. Ban ce haɗewar kamfanoni ba ta taɓa farashi ba. Idan masu gasa suka ragu, mai saye ne ke ji a jikinsa, shi ya sa ma hukumar kula da gasa ta Afirka ta Kudu ta ƙi yarda AkzoNobel ya sayi kasuwancin Kansai na Afirka, masu Plascon, har cinikin ya wargaje a 2023. Sai dai a kasuwarmu, inda fenti mai suna na masu hali ne da ayyukan gwamnati, wannan ba shi ne babban dalili ba.

Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali ba a ko maganarsa. Fentin mai, wanda muke shafa wa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, musamman ruwan ɗorawa da ja, yakan ƙunshi dalma. Wani bincike da ƙungiyoyin SRADev da IPEN suka fitar a 2017 ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na fentin mai da suka gwada a Nijeriya sun wuce ma'aunin 90 cikin miliyan da ake ɗauka a matsayin iyaka. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Ta fenti ba ta kisa farat ɗaya. Ɓarewa take yi ta zama ƙura, yaro mai rarrafe ya kai baki, ta taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa.

Hukumominmu ba su da ikon hana wani ciniki a Amstadam ko Legas, ba wanda ya ce su yi. Amma bokitin da ya ratso iyaka yana hannunsu. Ma'aikacin duwan yana tambayar nawa ne da nawa za a biya, ba a ba shi na'urar duba abin da ke ciki ba. Ƙaramar hukuma tana ba da kwangilar gyaran aji ko ɗakin shan magani, takardar ta ce "fenti" kawai, ba iri, ba ma'auni, ɗan kwangila kuwa ya san mafi araha. A rubuta a kowace kwangila cewa sai fenti marar dalma mai adireshin masana'anta, wannan ba ya cin ko dala.

Kai kuma mai saye, kafin ka biya, juya bokitin. Nemi sunan masana'anta da adireshinta, da lambar rukunin da aka haɗa shi, da tambarin hukumar ingancin kaya ta SON idan na Nijeriya ne, ka kuma duba ko an taɓa buɗe murfin. In babu ko ɗaya, bar shi a shagon, musamman idan ɗakin yara za a shafa.