Yadda Saudiyya Ta Sake Buɗe Masallatai Da Harami Mataki-Mataki A Lokacin Korona

 

'Yan uwa, da wuya a samu wanda ya manta da hoton nan na watan Maris 2020: filin ɗawafi fayau, babu kowa a gefen Ka'aba sai masu shara. An yi ta tura shi a waya, wasu har da hawaye. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne yadda aka fita daga wannan hali. Sai da aka yi fiye da shekara ɗaya da rabi kafin sahu ya sake haɗuwa a Harami, kuma ba a rana ɗaya aka buɗe ba. Ya kamata masu kula da masallatai da ɗalibai su san yadda aka tsara abin, domin annoba ba ta yin sallama ta ƙarshe.

Saudiyya ta fara rufe ƙofa tun kafin ta ga cutar a cikin gida. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 ta dakatar da shigar masu Umara daga waje, alhali sai 2 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu. Wannan saurin yana da dalili. Ƙasar ta sha fama da cutar numfashi ta MERS tun 2012, kuma ta daɗe da sanin cewa taron Hajji yana iya raba cuta ga duniya, kamar yadda sanƙarau ya bi alhazai zuwa ƙasashensu a 1987 da 2000. Allurar sanƙarau da ake yi wa maniyyatanmu kafin tafiya daga nan ta samo asali. Ranar 17 ga Maris, bayan fatawar Majalisar Manyan Malamai, aka dakatar da jam'i da Juma'a a masallatan ƙasar in ban da Harami biyu. Ladanai suka ci gaba da kiran salla, suna ƙarawa da umartar mutane su yi salla a gidajensu, abin da yake da asali a Sunna lokacin ruwan sama da tsananin sanyi. Daga 2 ga Afrilu Makka da Madina suka shiga dokar hana fita dare da rana. Tarawihin azumin shekarar raka'a 10 aka yi a Harami, liman da ma'aikata kawai.

Bayan ƙaramar salla aka fitar da tsarin buɗewa mai matakai uku. Na farko kwana uku ne kacal, 28 zuwa 30 ga Mayu, inda aka bar mutane su fita daga ƙarfe 6 na safe zuwa 3 na yamma. Na biyu ya fara 31 ga Mayu: aka tsawaita fita zuwa 8 na dare, jiragen cikin gida suka tashi, aka buɗe masallatai kimanin 90,000. Na uku shi ne 21 ga Yuni, ranar da aka ɗage dokar hana fita. Makka kuwa an bar ta a baya da mataki guda, masallatan unguwanninta sai 21 ga Yuni suka buɗe.

Me ya sa ba a buɗe komai lokaci guda ba? Amsar tana cikin ɗabi'ar cutar. Wanda ya kamu yau yakan yi kwanaki, har zuwa 14, kafin alamu su bayyana, sannan a ƙara wasu kwanakin kafin jiki ya yi tsanani a kai shi asibiti. Ke nan sakamakon abin da aka buɗe yau ba ya fitowa sai bayan mako biyu ko uku. Shi ya sa mataki na biyu ya ɗauki mako uku cur. Idan aka buɗe kasuwa da masallaci da makaranta da iyakoki a rana ɗaya, cutar ta tashi, babu wanda zai iya cewa ga ƙofar da ta shigo. Abin da hukuma take zuba wa ido kuma ba yawan waɗanda suka kamu ba ne kaɗai, har da gadajen masu tsananin jinya, domin ranar da suka cika, mai ciwon zuciya da mai haihuwa ma sun shiga uku.

Jidda ta nuna cewa tsarin yana da hanyar komawa baya. Mako guda bai cika da buɗe masallatai ba, daga 6 ga Yuni, aka mayar wa birnin dokar hana fita daga 3 na yamma zuwa 6 na safe, aka sake dakatar da salla a masallatansa na kwana 15, saboda masu tsananin jinya sun ƙaru. Sauran biranen suka ci gaba da harkokinsu. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutanen da suka yi wata biyu da rabi suna ƙishin jam'i su koma gida, amma an faɗa tun farko cewa kowane mataki ana iya janye shi.

Sharuɗɗan da aka gindaya wa masallatai su ne suka fi shafar mu. A lokacin ana buɗe masallaci minti 15 kafin kiran salla, a rufe minti 10 bayan sallama. Tagogi da ƙofofi a buɗe suke. Tsakanin mutum da mutum mita 2, kowa da dardumarsa da takunkuminsa, alwala kuma daga gida domin an rufe wuraren alwala. An ɗauke Alƙur'anai daga kantoci na ɗan lokaci, an hana kawo yara 'yan ƙasa da shekara 15. Huɗubar Juma'a da sallarta ba sa wuce minti 15. Duk wanda ya duba zai ga manufa ɗaya ce: a rage tsawon zaman mutane wuri ɗaya, a ƙara iska. Mu ma mun ga makamancin haka, domin Nijar ta buɗe wuraren ibada 13 ga Mayu, Gana kuma daga 5 ga Yuni da sharaɗin mutum 100 da awa ɗaya. Kusan babu ɗaya cikin waɗannan sharuɗɗa da ke buƙatar kuɗin man fetur. Taƙaita huɗuba dai, mun sani, ya fi buɗe taga wuya ga wasu limamanmu.

Ba za mu ce komai ya tafi daidai ba. A tsakiyar Yuni masu kamuwa sun kusa 5,000 a rana, adadi mafi yawa a shekarar, kuma a daidai lokacin aka ɗage dokar hana fita. Aljihu yana cikin lissafin: farashin mai ya faɗi, har gwamnati ta ninka harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa 15 cikin 100 daga 1 ga Yuli. Abin da ya tallafi buɗewar shi ne ayyukan da aka jera a gefenta: gwaji kyauta, asibitocin unguwa na masu zazzaɓi, tarar riyal 1,000 ga wanda ya ƙi sa takunkumi. Akwai kuma umarnin Sarki Salman na ƙarshen Maris cewa a yi wa kowa maganin korona kyauta, har da waɗanda ba su da takardar zama. Wannan jin ƙai ne, kuma dabara ce. Mutumin da ke tsoron kamu ba zai je asibiti ba, zai kwanta a ɗaki mai cunkoso ya shafa wa na kusa da shi.

Hajjin 2020 an yi shi, amma ga mazauna ƙasar kawai, mutane ƙalilan bayan kusan miliyan 2.5 na shekarar da ta gabata. An gwada su, an killace su kafin aiki da bayansa. Ba a taɓa Ka'aba ko Hajarul Aswad ba, zamzam a gora aka raba, tsakuwar jifa ma an tsabtace ta aka ba kowa a jaka. Hukumomi sun ce ba a samu wanda ya kamu a wuraren aikin ba.

Da wannan gwaji a hannu aka buɗe Umara, ita ma hawa-hawa. Ranar 4 ga Oktoba aka fara da mutum 6,000 a rana daga cikin gida, kowace tawaga da awa uku. Ranar 18 ga wata aka kai masu Umara 15,000 da masallata 40,000. Ranar 1 ga Nuwamba aka karɓi baƙi daga waje, aka kai 20,000 da 60,000, inda 'yan Pakistan da Indonesiya suka fara sauka, suka yi kwana uku a killace. Kowa sai ya nemi izini ta manhajar Eatmarna, wadda ke ba shi rana da sa'a. Amfanin haka a fili yake: idan aka samu mai cutar, an san waɗanda suka yi ɗawafi tare da shi.

Allurar rigakafi, wadda aka fara a Disamba 2020, ita ta buɗe sauran ƙofofin. Hajjin 2021 ya ɗauki mutum 60,000, duk mazauna ƙasar da suka yi allura. Ranar 17 ga Oktoba 2021 aka ɓanɓare alamun tazara daga daɓen Harami, masallata suka haɗa kafaɗa. Maniyyatan ƙasashenmu sai a 2022 suka samu tafiya, shekarar da aka ƙayyade miliyan ɗaya kuma aka hana wanda ya haura shekara 65. Dattawan da suka tara guzuri tun kafin annobar sun jira har 2023, lokacin da aka cire iyakar shekaru, alhazai suka haura miliyan 1.8.