Wuyan tsohon babur: yadda ake mayar da shi, da inda kanikawa ke yin ganganci

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma darajar naira ta faɗi bayan nan, sabon babur ya fi ƙarfin aljihun matasa da yawa. Wannan ya sa wasu suka koma kan tsofaffin baburan da iyayensu suka jingine a zaure, irin su Honda CG125 da aka fara ƙerawa a Japan a 1975. Injin irin waɗannan babura yana da juriya, kuma a kansa hankalin mai gyara yakan tsaya: da zarar ya tashi, sai a ce aiki ya kammala. Amma abin da ke riƙe tayar gaba a kan hanya shi ne wuyan babur da ƙafafun shakazoba biyu, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Wuyan babur bututu ne a gaban firam, wanda sandar sitiyari ke ratsawa ta cikinsa. Sama da ƙasa akwai boris. A tsofaffin babura ba dunƙulalle ba ne: ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne a warwatse, suna gudu a cikin zobe mai kwarmi. Honda CB750, da ta fito a 1969, tana ɗaukar 18 a sama da 19 a ƙasa. Kowane samfuri da adadinsa, shi ya sa bakanike mai hankali yake ƙirga su lokacin kwancewa, ya ware na sama daga na ƙasa. Ba a cusa su har su cika zoben maƙil; ana barin ɗan gurbi don su sami damar juyawa.

Kafin a mayar da komai, sai an wanke zobban da kananzir an duba su a haske. Shekaru na faɗawa ramuka sukan sa ƙwallayen su tona ƙananan gurabe a cikin ƙarfen, daidai inda suke zama idan kan babur yana miƙe. Alamar ita ce kan yana ɗan maƙalewa a tsakiya, kamar ba ya son juyawa. Giris ba ya warkar da wannan. Sai an fitar da zobban an buga sababbi, a hankali, ana zagayawa har su zauna daidai ba karkace. Zuba sababbin ƙwallaye a tsohon zobe asarar kuɗi ce, ko da yake shi ne abin da aka fi yi idan mai babur yana ƙorafin tsada.

Ana shafa giris mai kauri don ya riƙe ƙwallayen, a zura sandar daga ƙasa, a jera na sama, sannan a ɗaura notin daidaitawa. A nan ne gwaninta take. Ana ɗaure shi da ɗan ƙarfi don komai ya zauna, a juya kan hagu da dama, a sassauta, sannan a sake matsawa kaɗan-kaɗan har girgiza ta ɓace. Idan ya yi lako-lako, kan zai riƙa bugawa a duk lokacin da aka taka birki. Idan kuwa aka matse shi fiye da kima, babur zai riƙa tangaɗi, kuma sabon zoben zai lalace da wuri. Ɗaure babban notin sama yakan ƙara matsi, don haka dole a sake gwadawa bayansa.

Ƙafafun shakazoba ba su kai wuyan wahala ba, amma suna son tsabta. Ana mirgina bututun ciki a kan gilashi. Idan ya tanƙware, za a ga yana ɗagawa. Tsatsar da ta ci jikinsa tana yaga sabon sil cikin ɗan lokaci, man ya riƙa tsiyaya, wani lokaci har ya kai ga birki. Sil ɗin yana shiga ne gefensa mai siririn sifirin yana kallon ƙasa, wajen mai. Man kuma a auna shi daidai wa daida a ƙafafun biyu, bisa adadin da kamfani ya tsara, ba da ido ba.

Wajen haɗawa, daga sama ake farawa. A daidaita tsayin bututan biyu, a ɗaure na sama, a saka taya, amma a bar notukan ƙasa a sassauce. Sai a sauke babur, a riƙe birki a danna kan sau da yawa don ƙafafun su sami mazauninsu, sannan a ɗaure.

Gwajin ƙarshe, mai babur ma zai iya yi kafin ya biya kuɗin aiki. A ɗaga tayar gaba ta bar ƙasa: idan aka ɗan tura kan, ya kamata ya sulale gefe da nauyinsa ba tare da tsayawa a tsakiya ba. A kama ƙafafun biyu daga ƙasa a ja gaba da baya, kada a ji motsi. Daga nan a tayar da injin, a juya kan har ƙarshe ta kowane ɓangare. Idan ƙarar injin ta ƙaru da kanta, an bi da wayar totur ta inda bai dace ba, kuma sai an gyara ta kafin babur ya hau titi.