Daga Lalita Zuwa Kati: Ɗan Rano da Kuɗinsa a Ƙasa Mai Tsarki

Kakanninmu na ƙasar Rano, waɗanda suka riƙa keta Barno da Wadai da Sudan a ƙafa, har su shafe shekaru kafin su haye Bahar Maliya daga Sawakin, a lalita suke ƙulle guzurinsu, su yi ɗamara da ita a ƙarƙashin riga. Amma jikansu da ya taso yau daga Kibiya ko Rurum, ya sauka Jidda cikin 'yan sa'o'i domin neman halali ko ɗalibta, sai ya iske wata irin mu'amala wadda ba a kasuwar garinsu ya koye ta ba.

A gida, asalin mutum shi ne jarinsa: mai kanti ya ba shi bashi saboda ya san mahaifinsa, a taya kaya a yi albarka har a sallama, uwar adashi kuma ta riƙe zubin jama'a bisa amana, ba alƙalami ba takarda. Can kuwa banki ba ya tambayar ɗan wane ne kai, iƙama yake nema, wato shaidar izinin zama, wadda in babu ita ko wata halastacciyar shaida, kamar yadda lamarin yake ga da yawa cikin 'yan'uwanmu da ake kira Takari, ƙofarsa a rufe take. Wanda ya mallake ta, ta asusu albashinsa zai riƙa shigowa, a miƙa masa katin mada, wanda aka ƙaddamar da wannan suna a 2015, ya riƙa ɗora shi a kan na'ura ko da gurasa ya saya, alhali farashi a rubuce yake, ga harajin kashi 15 cikin ɗari da aka ɗora tun 2020. Riyal kuma tun 1986 yake tsaye a kan 3.75 ga dala guda, alhali naira ba ta tsaya wuri ɗaya ba, saboda haka baƙon da ke juya kowane ciniki zuwa naira a zuci, zai daɗe hankalinsa bai kwanta ba.

Haƙiƙa ƙarancin takardun naira na farkon 2023, duk da uƙubar da talakawa suka sha, ya koya wa mutanen karkara tura kuɗi ta waya da zuwa wurin masu POS, wannan kuwa ya rage wa matafiyi duhun kai.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya irin tamu, wadda take sa mutum ya kasa hana ɗan garinsu aron asusu domin a turo masa kuɗin da ba a san mafarinsu ba. Domin ranar da hukuma ta yi bincike, mai sunan za a tuhuma, ba mai aron ba. Ya kai mai niyyar tafiya, ka koyi karanta saƙon banki tun kana gida, ka tura wa iyalinka kuɗi ta hanyar da doka ta yarda, kada kuma ka faɗa wa kowa lambar sirrin katinka, ko da ɗakinku ɗaya.