Yadda Za A Hana Itace Mirginowa Daga Murhu A Lokacin Hunturu

'Yan uwa mazauna Kudu, daga Sabon Ibadan zuwa Agege da Mile 12 da Fatakwal. Ina rubuto muku daga Gombe, inda daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke busar da komai. A wannan lokaci, ko a Jekadafari ko Bolari ko Pantami, da asuba za ka ga mutane sun kewaye wuta suna jin ɗumi. To, akwai abu guda da na ga ana raina shi, alhali yana iya cinye dukiyar shekaru: itacen da ya mirgino daga murhu. Ku da kuke kwana kuna sana'a a rumfunan katako da kwano, wannan magana ta fi shafarku.

Me ke sa itace mirginowa? Dalili biyu ne. Na farko, gungumen da ba a faskara ba zagayayye ne, ƙananan itatuwan da ke ƙarƙashinsa ne ke riƙe da shi. Su ne kuma wuta ke fara cinyewa. Da zarar sun zama toka, sai ya gangaro ta inda ƙasa ta fi kwari, galibi ta bakin murhu. Na biyu, dogon itacen da rabinsa ke waje. Kan da ke cikin wuta yana ta raguwa, gindin da ke waje nauyinsa na nan. Can sai nauyi ya rinjaya, gindi ya faɗi, bakin wutar ya ɗaga sama, ya watsa garwashi ko ya ture tukunya. In mai tuyar ƙosai ce da kaskon mai a kai, kun san sauran.

Turawa ma suna da wannan matsala. A Ingila da Amurka akwai murhun ɗumama ɗaki mai ƙofar gilashi. Gilashin yana jure zafi sosai, amma gungume in ya buge shi yana iya tsagewa. Shi ya sa suke kafa 'yan sandunan ƙarfe a bakin murhun su tare itace. Dabarar nan ba ta fi ƙarfinmu ba.

Ga abin da nake ba da shawara. A faskara itace kafin a sa, a kwantar da shi ta gefen da ya baje, don faskare ba ya birgima. A riƙa cusa shi da kai, wato kai ciki gindi waje, kar a gicciye shi a bakin murhu. Wanda aka gicciye shi ne ke gangarowa. In itacen dogo ne, a tokare gindinsa da dutse ko bulo yadda zai ɗan karkata ciki, ana iza shi a hankali.

Sai shi kansa murhun. In na duwatsu uku ne, a ɗan ƙwaƙule tsakiyarsa ya yi kwari, yadda duk abin da ya motsa ciki zai faɗa. In ginanne ne, ko tandar gidan burodi mai murfin ƙarfe, a bar ɗan tudu a bakinsa, ko a kai wa mai walda ya yanko guntayen rodi 2 a kafa su tsaye. Manyan itatuwa su zauna can ciki, ƙanana a gaba, a kuma bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsu da murfi.

Kar a cika murhu maƙil. Busasshen marke ko ƙirya guda 3 sun fi tulin ɗanyen itace wuta. Ku a Kudu da damina ke daɗewa, ɗanyen itace hayaƙi kawai zai ba ku, ga shi yana ci ba daidai ba, sai tulin ya rushe. Rage itace kuma taimakon kanmu ne, domin a nan Gombe sarar daji ta kai ga gwamnati ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G a 2019.

A nesanta tabarma, katifa, leda da jarkar fetur daga bakin wuta, a hana yara zama daidai saitinsa. A ajiye bokitin yashi kusa. In mai ne ya kama, wallahi kar a zuba ruwa, sai ya tashi sama. A rufe kaskon ko a zuba yashi. In abin ya fi ƙarfi, a kira 112.

Kar kuma a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, yana fitar da iskar guba marar wari mai kashe mutum cikin barci. Manzon Allah (SAW) ma ya umarce mu da kashe wuta kafin mu kwanta. Don Allah a isar wa masu shayi da masu tsire da iyayenmu mata. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, amin.