Daga Zangon Kumasi Zuwa Tafkin Bosomtwe A Kan Keke

Duk wanda ya taɓa zama a Tamale ko Bolgatanga ya san cewa a can keke ba abin kunya ba ne. Malamin makaranta na hawa, ma'aikacin gwamnati na hawa, mata ma na goyo su hau su tafi kasuwa, har gefen titi aka ware wa masu keke a cikin Tamale. Amma da zarar ka sauko Kumasi sai labari ya sha bamban. A nan Zango, idan aka ga magidanci a kan keke, abin da ake fara tambaya shi ne ko babur ɗinsa ne ya lalace. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: garin duk hawa da gangara ne, titunan kuma trotro da tasi da a-daidaita-sahun nan da ake kira pragya sun cinye su, ba su bar wa mai feda ko taki ɗaya ba.

Wannan ne ya sa muka ɗaura niyyar mu gwada da ƙafafunmu, mu ga ko har yanzu akwai sauran hanyoyi masu natsuwa a kewayen birnin da mai keke zai bi ya dawo gida lafiya. Amsar da muka samo ita ce akwai su, kuma ba su da nisa. Matsalar ita ce yadda mutum zai fita daga cikin gari da ransa, sai kuma abin da ke faruwa da kogunan da hanyoyin ke ratsawa.

Mun tashi daga Aboabo ranar wata Lahadi bayan sallar asuba, mu huɗu, bayan mun sha koko da ƙosai a bakin titi. Ba don komai muka zaɓi Lahadi ba sai don ita ce ranar da kasuwar Kejetia ke lafawa, manyan motoci su ragu. Inda muka nufa shi ne Tafkin Bosomtwe, wanda ke kudu maso gabas da Kumasi, tafiyar kilomita 30 da ɗoriya. Hanyar ita ce wadda ake kira hanyar tafki, ta bi ta Atonsu, ta wuce Esereso da Aputuogya da Jachie, ta isa Kuntanase, daga nan ta gangara Abono a bakin ruwa.

Gaskiyar magana, kashin farko na tafiyar babu daɗi. Daga Zango har a bar Atonsu mutum na tuƙi ne da ido ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Direban trotro yakan tsaya duk inda ya hango fasinja ba tare da ya ba da alama ba, kwandasta kuma ya buɗe ƙofa a gabanka. Idan mai karatu bai manta ba, alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun nuna cewa daga 2019 zuwa 2024 babu shekarar da ba a rasa mutum fiye da 2,000 a titunan Ghana ba. Saboda haka shawararmu ga mai son bin sawunmu ita ce ya bar gari kafin ƙarfe 6 na safe, ya sa riga mai haske da hular kwano, kada kuma ya yi jayayya da mai mota a kan wa ke da hanya.

Sai an wuce Aputuogya sannan gari ke fara sakin mutum. Gidajen bulo su riƙa raguwa, gonakin koko da ayaba da kwakwar manja su karɓi gefen hanya, iska ta yi sanyi, har ka fara jin ƙarar sarƙar kekenka da kukan tsuntsaye. A nan ne ɗaya daga cikinmu ya taka ƙusa. Wani dattijo mai gyaran keke a ƙarƙashin bishiyar mangwaro ya yi mana faci cikin 'yan mintoci, da ya ji muna Hausa kuwa sai ya amsa mana da ita, ya ce a Zango ya koyi sana'ar yana saurayi. Da muka ce, Baba, nawa ne, sai da muka matsa kafin ya karɓi wani abu.

Daga Kuntanase akwai hawa mai cin ƙarfi, domin tafkin yana cikin wani katafaren rami ne da tsaunuka suka kewaye. Masana sun tabbatar da cewa wani dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya kimanin shekaru miliyan 1 da suka wuce ya haƙa ramin, wanda faɗinsa ya kai kilomita 10 da rabi. Ruwan da ya taru a ciki yana da faɗin kusan kilomita 8, zurfinsa kuma ya doshi mita 80. Babu kogin da ke fita daga cikinsa, ruwan sama da ƙananan rafuka ne ke ciyar da shi. A 2004 masana daga ƙasashe daban-daban suka zo suka yi haƙa a ƙarƙashinsa don bincike, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ake kare halittunsu.

Idan ka kai ƙololuwar tudun ka leƙa, ba za ka yi nadamar gumin da ka zubar ba. To amma a nan ne kuma haɗarin yake. Gangaren zuwa Abono doguwa ce mai kwana-kwana, kuma keken da birkinsa ya ci ba ya da abin yi a wurin. Biyu daga cikinmu sauka suka yi suka tura, kuma ba mu yi musu dariya ba. A tuna kuma duk abin da aka gangara da safe sai an haura shi da rana.

A bakin ruwa mun tarar da masunta a kan wani falankin katako da suke kira padua, suna zaune a kai suna tuƙi da hannu. Bisa al'adar Tonawa, wato mutanen Asante, tafkin wuri ne mai tsarki, kuma tun da can ba a son ƙarfe ya taɓa ruwansa, shi ya sa suka riƙe wannan katako. Yanzu dai akwai jiragen ruwa masu inji da ke ɗaukar baƙi. Mun ci soyayyen kifi, muka nemi inuwa muka yi azahar.

Abin da ya tsaya mana a rai a hanyar dawowa shi ne kogin Oda. Rafin Aboabo, wanda ke ratsa unguwanninmu ɗauke da leda da dattin kwata, da shi da Subin da ke bi ta tsakiyar birni, duk ruwansu a Oda yake ƙarewa. Can gaba kuma masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, 'yan galamsey, sun mayar da shi kamar kunun kanwa, har matatar ruwa ta Odaso da ke shayar da Obuasi ta sha fama da laka. Kogin Offin da ke yamma ma haka ya zama. Mai mota yakan wuce gada cikin ƙiftawar ido bai ga komai ba. Mai keke kuwa dole ya gani, ya kuma shaƙa. Kuma ba mu da bakin ɗora wa 'yan galamsey laifin duka, tunda rabin ledar daga ƙofar gidajenmu ta taso.

Ga wanda ƙafarsa ba ta kai ta Bosomtwe ba, akwai Owabi a arewa maso yamma, ana ratsewa daga hanyar Sunyani ta wajen Akropong. Madatsar ruwa ce da Turawa suka gina a 1928, dajin da ke kewaye da ita kuma yana da nau'in tsuntsaye kimanin 160, an kuma sa wurin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 1988. Sai dai gine-gine na ta matso shi ta kowane gefe. Akwai kuma hanyar Bonwire, garin masaƙan kente, da Ejisu, garin Yaa Asantewaa da ta jagoranci yaƙi da Turawa a 1900. Ƙauyukan wajen na da daɗin bi, amma babbar hanyar Accra ba ta mai keke ba ce, a kauce mata gwargwadon iko.

A Birtaniya tun 1995 aka fara haɗa ƙananan hanyoyin karkara da tsofaffin layukan dogo aka sa musu lamba da alamomi domin masu keke. A yankin Wales akwai guda da ta tashi daga Cardiff har Holyhead, kusan mil 250. Yawancin aikin ba sabon titi ba ne, allo ne da taswira. Mu a nan hanyoyin na nan, har kekunan ma ana ƙerawa, domin a Kumasi ne Bernice Dapaah ta kafa sana'ar ƙera keke da gora, wanda ake fitarwa ƙasashen waje. Abin da ya rage shi ne Majalisar Birnin Kumasi da ta gundumar Bosomtwe su kafa alamomi, su kuma ware gefen titi daga Atonsu zuwa wajen gari kamar yadda aka yi a Tamale.

Mun iso Aboabo ana kiran la'asar, ƙafafu sun yi nauyi. Yaran unguwa suka kewaye mu suna tambayar ko da gaske ne akwai teku a bayan Kuntanase. Da yawansu a Kumasi aka haife su, ba su taɓa ganin tafkin ba. Mun yi musu alkawarin tafiya ta gaba idan hunturu ya shigo a watan Disamba, da sharaɗin kowa ya kawo kekensa a duba birki tun ranar Asabar, ya kuma zo da izinin mahaifinsa.